Baƙo Raɓa, Ɗan Gari Kaba: Akuya, Kunkuru da Haƙƙin Zama a Ƙasa

A ƙasar Adar, daga Madawa zuwa Buza har Keita, akuya ita ce asusun mace. Da ita ake raɗa sunan jariri, da kuɗinta ake sayen magani ran da ciwo ya kwantar da yaro, kuma idan rumbu ya yi ƙasa a tsakiyar bazara ita ake ja zuwa kasuwa a musanya da hatsi. Fatar jar akuyar Maradi da Sakkwato ta daɗe tana ƙetare Sahara, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko don ta can take isa gare su. Saboda haka mutumin Adar da aka ba labarin cewa akwai wata ƙasa da gwamnati ta ɗauki hayar jirage masu saukar ungulu, ta ɗora maharba a ciki, suka harbe awaki sama da 140,000 aka bar su a daji suna ruɓewa, ba zai tsaya neman dalili ba kafin ya ce an yi ɓarna. In aka ƙara masa da cewa an yi haka ne domin kunkuru, sai ya ɗauka tatsuniya ake yi masa.

Abin ya faru, kuma ba da daɗewa ba. Wurin shi ne tsibiran Galapagos na ƙasar Ekwado, waɗanda ke cikin tekun Pasifik, wajen kilomita 1,000 daga gaɓar Amurka ta Kudu. Duwatsu masu aman wuta ne suka tofo su daga ƙarƙashin teku, ba su taɓa haɗuwa da wata nahiya ba, don haka duk abin da ke raye a kansu ko ya zo a iska, ko ruwa ya kawo shi, ko mutum ya sauke shi daga jirgi. Kakannin manyan kunkurun wurin ruwa ne ya kwaso su daga nahiya shekaru miliyoyi da suka shige, suka rarrabu tsibiri tsibiri, kowane reshe da siffar ƙoƙon bayansa. Charles Darwin ya yi mako biyar a can a 1835, kuma abin da ya gani yana cikin tushen nazarinsa kan yadda halittu ke sauyawa. Sai dai tun kafin zuwansa maharban manyan kifayen teku sun gano cewa kunkurun nan kan yi watanni a cikin jirgi ba ci ba sha bai mutu ba, suka mayar da shi guzuri, suka kwashe fiye da 100,000. Su ne kuma, tare da masunta da masu neman wurin zama, suka saki awaki da aladu da jakuna a tsibiran domin in sun dawo su tarar da nama.

Tsibirin Pinta shi ne misalin da aka fi ambata. A 1959 masunta suka saki awaki uku a can. Kafin shekara 12 sun kai wajen 40,000, sun cinye ciyawa da ƙananan itatuwa har ƙasa ta fito fili. A 1971 wani masanin dodon koɗi ya ci karo da kunkuru ɗaya namiji a tsibirin, aka ɗauke shi a 1972 zuwa cibiyar bincike ta Darwin da ke tsibirin Santa Cruz, aka sa masa suna George, ana yi masa laƙabi da mai kaɗaici. Shekara 40 ana nema masa mace irinsa ba a samu ba. Ya mutu ranar 24 ga Yuni, 2012, irinsa ya ƙare tare da shi. A dutsen Alcedo na tsibirin Isabela kuwa, awaki sun ƙetara wani fili na busasshen aman dutse a shekarun 1970, suka cinye itatuwan da ke tare hazo suna ɗigo da shi ƙasa, wato suka kashe inuwa da ƴan tafkunan da dubban kunkuru ke fakewa a lokacin rani. Wannan ne ya sa daga 1997 zuwa 2006 hukumar gandun dajin Galapagos da Gidauniyar Darwin suka gudanar da shirin da aka sa wa suna Isabela, wanda ya ci wajen dala miliyan 10, aka kawo ƙwararrun matuƙa da maharba daga Niyu Zilan, aka share awaki daga Santiago da arewacin Isabela.

Ƙyamar da mutumin Adar ya ji ba jahilci ba ce, kuma bai kamata a yi saurin wuce ta ba. Fiƙihun da ya tashi a cikinsa ya halatta masa ran dabba ne da sharaɗi: ya yanka da sunan Allah, ya wasa wuƙa, ya ci ko ya ciyar. Kisa don wasa, ko kisan da ba amfani a bayansa, abin zargi ne ko da tsuntsu ne ƙarami. A Galapagos an bar gawarwakin ne da gangan, a bisa hujjar cewa abin da awakin suka ci daga ƙasar ya koma cikinta, kuma kwaso nama daga kan duwatsu masu kaifi zai ninka kuɗin aikin. Hujja ce mai ma'ana a lissafi, amma ba ta kawar da nauyin da zuciya ke ji. Akwai ma abin da ya fi wannan ɗaci. Da awakin suka ragu, suka koyi ɓuya da sun ji ƙarar jirgi, sai aka kama wasu aka yi musu aikin hana haihuwa, aka rataya musu na'urar da ke nuna inda suke, aka sake su. Akuya ba ta iya zama ita kaɗai, dole ta nemi ƴan uwanta. Da ta same su sai jirgi ya zo ya harbe garken ya bar ta, ta sake tafiya neman wasu. Ma'aikatan sun kira irin waɗannan awaki da sunan Yahuza, almajirin da Kiristoci ke cewa ya ci amanar Annabi Isa. Sunan zalunci ne, domin akuyar ba ta ci amanar kowa ba. Son zumuncinta aka mayar tarko, kuma wanda ya ɗana tarkon shi ya fi cancanta da sunan.

To, mene ne hujjar masu aikin? Sun ce awaki a duniya sun kai wajen biliyan ɗaya, kuma ko an kashe na Galapagos kaf, akuya ba ta ɓace daga doron ƙasa ba. Kunkurun Pinta kuwa ɗaya ne ya rage, da ya tafi babu mai dawo da shi. Mutuwar rai ɗaya asara ce da haihuwa kan cike gurbinta, amma ƙarewar iri rufe ƙofar haihuwar ce gaba ɗaya. Wannan tunani ba baƙo ba ne ga Musulmi: jirgin Annabi Nuhu bai ɗauki dukkan dabbobi ba, namiji da mace ya ɗauka daga kowane iri, wato abin da aka tserar shi ne irin. Kuma sun nuna sakamako. A tsibirin Española kunkuru 14 kaɗai suka rage a shekarun 1960, mata 12 da maza 2, sun warwatsu har ba sa haɗuwa. Aka tattara su, aka ƙara da wani namiji mai suna Diego da aka dawo da shi daga gidan namun daji na San Diego, aka kawar da awakin tsibirin a 1978. Cikin shekaru kusan 50 aka ƙyanƙyashe wajen 2,000, kuma a 2020 aka mayar da tsofaffin 15 gida domin aikinsu ya ƙare.

Masana falsafa a Yamma sun daɗe suna gardama a nan. Ɓangaren Peter Singer, wanda littafinsa kan haƙƙin dabbobi ya fito a 1975, ya kafa mizaninsa a kan jin zafi: wanda ke jin harsashi shi ne akuyar, shi kuwa abin da ake kira iri ba shi da jijiya, suna ne da masana suka rubuta a littafi. Ɓangaren Aldo Leopold, Ba'amurken da ya rasu a 1948, ya ɗauki ƙasa da ruwa da tsirrai da dabbobi a matsayin al'umma guda, ya auna kyawun aiki da yadda ya kiyaye lafiyar wannan al'umma. Kowane ɓangare ya kama wani abu na gaskiya, kuma kowanne in aka bi shi har ƙarshe yakan kai mutum inda ba ya so. Wanda ya ce rai ɗaya ɗaya kawai yake gani, dole ya zuba ido awaki su cinye tsibiri, kunkuru ya mutu da yunwa, daga baya awakin su ma yunwa ta kashe su, domin garken da ba mai cinsa ba ya tsayawa sai abinci ya ƙare. Barin abin haka ma zaɓi ne, kuma akwai wahala a cikinsa, sai dai ba a jin ƙarar bindiga. Wanda kuma ya ce iri kawai yake gani, ya buɗe ƙofar da za a iya halatta kowane irin kisa da sunan gyaran ƙasa. Ƙa'idar malamai ta ɗaukar mafi sauƙin cutarwa biyu ta fi dacewa da wannan wuri, domin ita ba ta cewa cutar da aka zaɓa ta zama alheri. Tana nan cuta, an dai ɗauke ta ne don tsoron wadda ta fi ta.

Akwai wata hujja da ake yawan jinginawa da ita, wadda ta fi sauƙin faɗi kuma ta fi rauni: wai akuya baƙuwa ce, kunkuru ɗan ƙasa, saboda haka ƙasar tasa ce. A nan ne kwarin Majiya ke da abin faɗa. Bayan farin farkon shekarun 1970, iskar hunturu da ta farkon damina tana kwashe ƙasar kwarin tana binne shuka, manomi kan yi shuka sau biyu ko uku kafin ta kama. Wani ma'aikacin gandun daji na Buza, Dauda Adamu, tare da wani ɗan sa-kai Ba'amurke, suka nemi taimakon ƙungiyar CARE, aka fara dasa shingayen tare iska a 1975: layi biyu biyu na itatuwa, tsakanin shinge da shinge mita 100, a gicciye da hanyar iska. Kafin ƙarshen shekarun 1980 tsawon shingayen ya kai ɗaruruwan kilomita, kuma awon da aka yi ya nuna hatsin da ke bayansu ya ƙaru da wajen kashi ɗaya cikin biyar, duk da filin da itatuwan suka ci. Itacen da ya yi wannan aiki shi ne bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro ko darbejiya, kuma asalinsa ƙasar Indiya ne. A farkon ƙarni na 20, zamanin mulkin mallaka, aka shigo da shi Afirka ta Yamma. Da za a yi wa itatuwan Adar shari'a da takardar haihuwa, da shi za a fara sarewa.

Ba shi kaɗai ba. Masara da rogo da gyaɗa da barkono da tumatir duk daga nahiyar Amurka suka zo. Ita kanta akuyar a tsaunukan Gabas ta Tsakiya aka fara kiwonta wajen shekara 10,000 da suka wuce, daga baya ta shigo Afirka. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba, wato na farko rana na fitowa ya tafi, na biyu ko an sare shi ya sake tohowa. Tarihin halittu bai bi karin maganar ba: raɓa da yawa ta zauna ta yi saiwa, kaba da yawa ta ƙare. A 2011 masana muhalli 19 suka wallafa wata maƙala a mujallar Nature suna kira da a daina hukunta halitta bisa asalinta, a duba abin da take yi a wurin. Su kansu masu kula da Galapagos sun yi aiki da wannan ra'ayi tun kafin a rubuta shi: a 2010 sun saki kunkuru 39 masu gaurayen jini a Pinta, bayan an hana su haihuwa, domin tsirran da suka dawo bayan awaki suna bukatar mai tattake su da mai yaɗa irinsu. Baƙi ne a tsibirin, an kawo su su riƙe aikin mai gida da ya mutu.

Abin da ya raba akuyar Pinta da akuyar Buza, ke nan, shi ne dangantakarta da abin da ta tarar. Itatuwan Sahel sun girma tare da barewa da raƙumin dawa tun fil azal, shi ya sa bagaruwa da aduwa da magarya suke da ƙaya, sabara da kalgo kuma ko an cinye su ƙasa sukan toho daga kututture. Gawo ma bashi yake bin dabba kuma tana binsa: tana cin ƴaƴansa a rani, ƙwayar ta ratsa cikinta ta yi laushi, ta faɗi cikin taki a gonar wani ta tsiro. Tsirran tsibiri ba su taɓa sanin haƙorin babbar dabba mai shayarwa ba, kuma babu kura ko dila da zai rage garke. Halitta ɗaya ce, a nan mai shuka, a can mai share daji. Bisa wannan, kisan Galapagos yana da abin kare shi, amma harshen da aka yi amfani da shi, na mamaya da yaƙi da abokan gaba, ba shi da shi. Akuya ba ta yi iyo ta je Pinta ba. Mutum ne ya kai ta don cikinsa, mutum ne ya ci kunkurun tun farko, kuma da lokacin biyan bashi ya zo sai aka biya da jinin wadda ba ta ci ba. Wanda ya fahimci haka zai yi aikin in ya zama dole, da harbin da ya fi saurin kashewa, ya kuma tsare ƙofa don kada a sake, amma zai yi wuya ya yi biki a kansa.

Sauran tambayar ta shafi mutane, kuma a nan ma Adar da Galapagos sun yi kama fiye da yadda nisansu ke nunawa. Ƙaramin bedi ba ya tsira in akuya na yawo, don haka a Majiya an ɗauki masu gadi, an hana dabbobi shiga wuraren dashe na ƴan shekarun farko. Mai gona a kwari ya samu ƙarin hatsi, daga baya ya samu itace. Makiyayin da ya saba sauka kwarin bayan girbi, da matar da dukiyarta duka awaki uku ne da ke kiwo a bayan gari, su ne suka ɗauki nauyin hanin. A Keita, inda babban shirin raya karkara ya fara a 1984 da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO da Shirin Abinci na Duniya, an farfaɗo da sama da hekta 30,000 na fako da gangaren dutse, an dasa itatuwa wajen miliyan 18. Mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsun a ka suka haƙa ramukan mata ne, domin maza sun tafi cin rani, kuma ladansu abinci ne. Kowane fili da aka gyara sai an kange shi daga dabbobi kafin ya kama, kuma tambayar wanda zai ci moriyarsa bayan an buɗe ba ta da sauƙi kamar jera dutse. A Galapagos kashi 97 cikin 100 na ƙasar gandun daji ne tun 1959, mutane kusan 30,000 suna zaune a ragowar. A 1995 masunta da aka taƙaita wa kamun wata halittar teku mai tsada suka mamaye cibiyar Darwin, har aka yi barazanar kashe kunkurun da ke ciki. Bayan an share awaki ma an sha samun waɗanda suka mayar da su wasu tsibiran da gangan. Mutumin da ya ga ana kashe miliyoyi a kan kunkuru alhali shi an hana shi abin da yake ci da shi, yakan huce a kan kunkurun.

Tarihin Musulunci ya san wannan matsala. Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya keɓe makiyaya domin dabbobin baitulmali, kuma Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo umarnin da ya ba mai gadinta, Hunayyu: ya bar mai ƴan raƙuma kaɗan da mai ƴan tumaki kaɗan su shiga, ya tsare garken attajirai irin su Ibn Auf da Ibn Affan, domin su in dabbobinsu sun hallaka suna da gonaki da dabino, shi kuwa talaka zai zo ƙofar halifa da ƴaƴansa. Umar bai soke keɓewar ba, ya dai duba wanda hanin zai karya ya sassauta masa. Wannan shi ne ma'aunin da ba a cika samu ba a takardun shirye-shiryen kare muhalli, waɗanda kan ƙidaya itatuwa da hekta da ƙwan kunkuru dalla-dalla, su bar akuyar tsohuwa a waje da lissafi. Inda aka gwada akasin haka an ga bambanci. A jihar Maradi, daga 1983, manoma sun koma barin tohon kututture a gonakinsu suna gyara shi, ba shinge ba mai gadi, kuma da suka tabbata itacen nasu ne, aka wayi gari an kiyasta hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa a kudancin Nijar, awaki kuma suna nan suna yawo a ƙarƙashinsu.

Sahel ma tana da nata babban kunkurun. Shi ne na uku a girma a duniya bayan na Galapagos da na tsibirin Aldabra, kuma shi ne mafi girma a cikin waɗanda ke zaune a nahiya. Yakan haƙa rami mai tsawon mita da yawa ya shige lokacin zafi, ya fito da saukar ruwa ya ci ɗanyar ciyawa. Yana cikin jerin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, saboda gobarar daji, da kama shi da ake yi ana sayar wa masu ajiye shi a gida har Turai da Amurka da Asiya, da kuma yawan dabbobin kiwo da ke riga shi cinye ciyawar. A tsibirin Daphne na Galapagos, Peter da Rosemary Grant sun shafe shekara 40 daga 1973 suna auna bakin ƙananan tsuntsaye ɗaya bayan ɗaya, har suka nuna yadda farin 1977 ya sauya girman bakin zuriyar da ta biyo baya. Kunkurun Sahel, wanda kowane yaro ya sani a tatsuniya, bai samu ko kusa da wannan kulawa ba. Kuma maganin Pinta ba zai yi masa aiki ba, domin garken da ke cin ciyawarsa shi ne abincin mutanen da ke zagaye da shi, ba wanda zai tashi jirgi a kansu.

Abin da ya fi kusa da amsa a Nijar shi ne labarin raƙumin dawa. A 1996 guda 49 suka rage a yankin Kure, gabas da Yamai, su ne na ƙarshe a Afirka ta Yamma. Ba a kori kowa ba, ba a kashe dabbar kowa ba. An hana farautarsu, an taimaki ƙauyukan da rijiyoyi da ƙananan basussuka da aikin rakiyar baƙi, manoma kuma suka haƙura da waken da raƙuman ke ci musu, ko da yake ba kullum cikin daɗin rai ba. Kafin 2018 sun haura 600. A watan Nuwamba na wannan shekara aka ɗauki 8 a mota, aka yi tafiyar ɗaruruwan kilomita da su zuwa gandun Gadabeji da ke ƙasar Dakwaro, gabas da Adar, inda aka yi kusan shekara 50 ba a ga irinsu ba, aka ƙara 4 a 2022. A can suna cin ganyen saman itatuwa, awakin Fulani da Buzaye suna cin na ƙasa.